Yayana ya taɓa gwajin, ni aka ɗora wa laifi

Anti, don Allah ki taimaka min, raina a ɓace yake. Ina aiki a kamfanin da ke haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai. Bayanan suna da yawa, sai an raba wa kwamfutoci ashirin. Aikina gwada kowane yanki na manhajar da ke wannan aikin kafin a sake ta. Tunda ba kullum za a tada kwamfutocin ba, na rubuta ma'ajiyar bayanai ta bogi mai kwaikwayon ta gaske, har da yadda take katsewa ana cikin aiki, da ƴan kayan taimako da kowa ke ɗauka ya yi gwaji. Shekara biyu ina kansu.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne shugaban sashenmu, shi ya kawo ni. Makon jiya gwaji ya ƙi wucewa, lokaci ya ƙure, sai ya shiga ma'ajiyar bogin ya cire katsewar, komai ya nuna lafiya lau. Ranar aikin gaske kwamfuta ɗaya ta mutu, aikinta ya maimaitu, maki ya ninku wa ɗalibai ɗari huɗu. Manaja ya kira ni, ya ce gwajina aikin banza ne. Yaya yana zaune kusa da firinta yana juya biro, bai ce uffan ba.

Tarihin gyare-gyaren da aka yi wa ma'ajiyar yana hannuna, da sunansa. Na faɗa wa Umma, wai in rufa masa asiri, yana da iyali. Ni fa, ba ni da mutunci? Ko gaishe shi ba na iya yi.

Ƙanwar da aka zalunta

Ƙanwata, fushinki yana kan hanya. Wanda ya toshe bakin gwaji don ya wuce bai gyara komai ba, kuma shirun da ya yi ya fi taɓa gwajin muni. Amma tsoro ne ya sa shi, ba ƙiyayya ba, kuma ke ma akwai gyara: kayan da kowa ya dogara da su bai kamata mutum ɗaya ya iya canza su ba tare da wani ya duba ba. Bogi kuma bogi ne. A riƙa gwaji a kan kwamfutoci biyu ko uku na gaske, a kashe ɗaya da gangan.

Ki same shi ku biyu, ba a ofis ba, ba gaban Umma ba. Ki nuna masa tarihin, ki ba shi kwana biyu ya je wurin manaja da bakinsa. In ya ƙi, ki rubuta abin da ya faru, ba zagi, ba ƙari. Ki gaya wa Umma cikin ladabi cewa ɗaliban nan ma ƴaƴan wasu ne. Gaisuwa kuwa ki ci gaba da yi, yayanki ne. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba shi ƙarfin halin faɗin gaskiya.