Sunanka a Shafin Farko

Zuwa ga Baban Nafisa,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, balle ka dawo mini da ita da jan biro a gefe kamar yadda ka saba. Duk da haka sai na rubuta, domin labarin naka ne kafin ya zama na kowa.

An karɓi maƙalarmu. Za ta fito a mujallar da na aika wa ba da daɗewa ba.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ɗaya daga cikin masu tantancewa ya dawo da ita, ya ce bai gamsu cewa matan ƙauye suna kai ƙara a kan awakinsu kotun shari'a da kansu ba, sai in kawo hujja. Lokacin ina takaba. Da na fita, sai na ɗauko kaset-kaset ɗinka. Ka tuna yadda muka raba aikin a Mashi da Dutsi? Ni in shiga cikin gida wurin mata, kai ka tsaya zaure da kasuwar dabbobi wurin alƙalai da dillalai. Hujjar da ake nema a rabinka take. Na yi ta sauraren muryarka kana roƙon wani dattijo ya maimaita, saboda babur ya wuce ya cinye maganarsa.

Sai batun suna ya taso. Farfesa mai duba aikina ya ba ni shawara in sa ka a sashen godiya kawai, a matsayin maigidana marigayi. Ya ce wasu mujallu suna jan ƙafa idan ɗaya daga marubuta ya rasu, ni kuma ba za a bar ni in kare digirina ba sai maƙalar ta fito. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Amma a gidan jarida, kafin in koma karatu, abin da aka fara koya mana shi ne ba a ɗaukar aikin mutum a ɓoye sunansa. Na rubuta wa editan, na bayyana masa wa ya yi me. Jiran amsarsa ya yi mini tsawo. Daga ƙarshe ya yarda, ya ce in aiko da cikakken sunanka.

A nan hannuna ya tsaya. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kiran sunan nan ba. Malam nake cewa, har Nafisa ta zo ta sauƙaƙa mini. Ko a asibiti, da aka tambaye ni sunan majinyaci, katinka na miƙa. Ka lura da hakan kuwa?

Na rubuta shi, harafi bayan harafi, a ƙasan nawa.

Jiya na kai wa Inna shafin. Ka san kai ɗan farinta ne, ita ma bakinta bai taɓa ɗaukar sunanka ba. Ta ce in nuna mata inda yake. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe, sannan ta ce ashe yaron nan bai daina karatu ba.

Gida lafiya. Nafisa ta fara haɗa baƙi. Akuyar da ka sayo mata ta haifi tagwaye, gero kuma ya yi kyau a gonarmu ta garin Babban Mutum.

Wata mai zuwa zan gabatar da aikin gaban malaman sashenmu, kuma ƙa'ida ce a karanta sunayen marubuta da baki. Ina ta gwadawa idan ina shara. Ban taɓa gaya maka ba, amma tun farko sunan yana yi mini daɗi. Ba na so baƙi su riga ka jin sa daga bakina.

Allah Ya haskaka kabarinka, Abdulhadi. Ka ji, na faɗa.

Taka har gobe,
Maman Nafisa
Daura