Jirgi Mai Ciki Biyu da Amanar Malam Sada

Daura,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanena Yazid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka kai da Hadiyya cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku da sharrin Legas na fili da na ɓoye. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa masallacin Juma'a da kanta, gero ya yi kyau a gonarmu ta hanyar Zango, sai dai gyaɗa ce ta ba mu kunya bana. Na zaɓi in rubuto ta hannun Lawal direban motar shanu, domin na san ka a waya, kafin in kai ƙarshen magana ka mai da ita wasa.

Na ga hotunan jiragen nan biyu da ka turo ka ce in zaɓar muku. Ashe abin da kuke kira katamaran kwalekwale biyu ne sirara aka haɗa da ƙarfe, aka ɗaure tamfol a tsakani, babu inji, sai wani dogon ƙyalle da iska ke turawa. Na farkon, mai faɗi, ka ce shi ake ba 'yan koyo, amma nauyi gare shi. Na biyun kuwa, na tsere, layi uku ka yi kana yabonsa, har da cewa in iska ta kama shi gefe guda yakan tashi daga ruwa, mutum ɗaya ya rataya jikinsa a waje da igiya don kada ya kife. Da na tambayi wanda zai yi ratayar, sai ka ce Hadiyya, wai ita ce ba ta da nauyi. Yazid, mai neman shawara ba haka yake kawo zance ba. Ina zargin ka riga ka zaɓa, bakina kawai kake nema.

Mai sayar da na tseren ma bai kwanta mini ba. Ka ce sau kaɗan ya hau jirgin, ya yi maka rangwame ba ka roƙa ba, kuma yana so a gama kafin ƙarshen wata. Ruwa ba ya tsami banza. Ni da na tsufa a kara, in na ga an ɗaure sa da gajeriyar igiya, mai shi kuma yana gaggawa, na san mai tunkuyi ne. Na ƙura wa hoton ido, na ga fentin gefen hagu ya fi na dama ƙyalli. Me aka rufe a nan? A shari'a wajibi ne mai kaya ya faɗi aibin kayansa, to ka tambaye shi gaban shaidu ko jirgin ya taɓa kifewa, da kuma wanda yake kai ranar. Batun tseren da kake son shiga kuma ka ce kofi kaɗai ake ci, ba a zuba kuɗin caca. Na karɓa, amma da hannu ɗaya.

Ko da jirgin lafiyarsa ƙalau, akwai abin da ka manta don ka daɗe da barin gona. Ba a sa sababbin shanu biyu a karkiya ɗaya. Sabo da tsohon gwani ake haɗawa, in sabon ya zabura tsohon ya tsaya cak, har ya koyi tafiya. Ka tuna Mati na Zango da ya ga bijimansa biyu sun yi kyau tare ya ɗaura musu garma, suka ja shi har cikin ƙaya, yau ga shi yana ɗingishi. Kai ka fara hawa ruwa bayan ƙaramar salla, ita kuwa ruwan da ta sani bai wuce na rijiyar gidansu ba. Idan iska ta zabura, wane ne tsohon a cikinku?

Matata Barakatu ta kira Hadiyya ta ji ta bakinta. Ta ce mata wai ita ce ma ta fi son mai gudun, tana ta dariya. Amma da Barakatu ta tambaye ta ko ta iya iyo, sai ta koma zancen daddawar da za a aiko mata. Wataƙila da gaske tana so, ba na musu, yarinyar tun tana ƙarama ba ta da tsoro. Sai dai na san 'ya'yan gidan surukinka Malam Sada, ba sa ce wa mai gida a'a ko da ransu bai so ba.

Ga zaɓina, tunda ka tambaya. Ku ɗauki mai faɗin nan da ka raina. Kowannenku ya fara hawa da gwani, ita a nemo mata mace, ta koyi iyo, kuma kada ta taka jirgi babu rigar da ke hana nutsewa. Sannu ba ta hana zuwa, in kun ƙware na tseren ba zai ƙare a duniya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ka ce kada in gaya wa mahaifinta. Ranar ɗaurin aurenku ni na zauna gaban Malam Sada a matsayin wakilinka, ya ce ya ba mu amana, na ce na karɓa. Kai kana can waje da abokanka. Duk ranar kasuwar Mai'aduwa sai ya biyo ta rumfata ya tambaye ni ina amanarsa, in ce tana lafiya. Jiya ya zo ya tambaya, na sunkuya ina gyaran igiyar da babu abin da ya same ta, ya daɗe a tsaye yana kallona kafin ya wuce. Wallahi na ji kunya, kuma na ji tsoro. In ka sayi na tseren, kasuwa mai zuwa zan miƙa masa wayata, ka amsa masa da bakinka.

Inna tana sa muku albarka. Barakatu, Ikilima da Hussaini suna gaishe ku. Ka gai da Hadiyya, kuma ka ba ta takardar nan ta karanta da kanta.

Naka yaya,
Kalilu