Rudun da Na Hana Baba Kafawa

Daren Laraba, Aliero

Na kasa barci. Yau a ofishin ƙungiyar agaji da nike ma aiki a Jega, Hajiya mai kula da mu tac ce sabon shugaban ƙungiyar can ƙasar waje ya sake tsari. Wai masu gudun yaƙi za a fara dubawa, ɗakin ajiyar albasa da za a gina ma manoman garinmu sai wani lokaci.

Nic ce, "Hajiya, shugaban ya san albasa ba ta jira?"

Tac ce, "Ɗana, duniya duka ag gabanai."

Ni sabo ne, kai ma'aikata ƙauyuka kawai nike bisa babur. Da nij ji suna zancen ɗakin, na ɗauka magana ta ƙare. Ni nih hana Baba kafa rudu, rumfar kara ta ajiyar albasa, bana, nic ce a huta da wahalar kara.

Yanzu albasa na zube cikin zaure, ta ƙasa ta fara wari. Masu gudun yaƙi sun fi mu buƙata, na sani. Amma da magariba Baba ya tambayi yaushe za a kawo kwanon rufi, nic ce an kusa. Gobe dole in gaya mishi. Allah sa da sauran kara a gona.