Faifai Ba Ya Ɓata a Filin Nan

Kajaani, watan Mayu

Yaya Tellervo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki Paavo. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawa tsani kina wanke taga da kanki. Mu nan lafiya lau, ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito. Na rubuto ne saboda kunnenki ba ya shiri da waya, maganar nan kuwa ba ta ɗaga murya ba ce.

A kan mijina ne. Kin san yadda wasan jefa faifan nan ya shiga ran Aulis. Duk safiyar da ba shi da tuƙin bas yana filin shaƙatawa na bayan makaranta, yana wurga faifan roba cikin kwandunan ƙarfe masu sarƙa. Kowa yakan rubuta lambar waya a cikin faifansa, wanda ya tsinta ya kira. Shi Aulis lambata ya sa tun farko, don wayarsa a kashe take in yana kan sitiyari. Shekara da shekaru da ƙyar aka taɓa kirana. Bana kuwa wayata ba ta hutawa.

Yaya, kin san filin nan. Fetal yake, ciyawa a aske, sai 'yan bishiyoyi can ƙarshe. Ba tafki, ba daji. Ko maɓallin riga kika yar, daga bakin hanya za ki hango shi. Ta yaya ƙaton mutum zai riƙa ɓatar da abu mai faɗin faranti a wurin?

Mai kiran kuma kusan kullum mutum ɗaya ce. Kaisu sunanta, mijinta ya rasu, ita ma da safe take wasa. Sauran mutane a akwatin tsintuwa na bakin fili suke jefawa su turo saƙo. Ita sai ta tako har ƙofata, ta miƙo faifan, ta tsaya tana kallon bakina. Jiya ta ce, “Yau ma.” Na ce, “Na gani.” Ban ce ta shigo shan kofi ba.

Na tambayi Aulis, wai iska ce. Iska! Raina bai kwanta ba, Yaya. Kada ki gaya wa Paavo, dariya zai yi mini.

Ƙanwarki,
Orvokki

Kajaani, watan Yuni

Yaya Tellervo,

Ina gaishe ki, ina gaida Paavo. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na kuma ga inda kika ce zaman banza ne ke damuna. To saurara.

Mutumin da tun da na san shi ko safarsa toka-toka ce, ya je ya sayo fayafayai cike da jaka, dukkansu ruwan hoda mai kashe ido. Wa ya zaɓa masa? Na buɗe jakar yana wanka, sai na ga lambarsa ya rubuta a cikin sababbin. Tsofaffin kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafe tawa da baƙin alƙalami. Tun ranar wayata ta yi tsit. Yanzu shi ake kira, ya fita baranda ya amsa a hankali.

Ni kuwa na zama kujera a gidan nan. Na rage gashina, na rina shi, na zauna a inda na saba a tebur, a hagunsa. Ya cinye kifinsa da dankalinsa bai ɗago ba. Sai da maƙwabciya ta yaba sannan ya juyo gaba ɗaya ya ce, “A'a, yaushe?” Shekaranjiya ya ture kofin madara da gwiwar hannu. Makon jiya ya goge madubin motarmu da ginshiƙin ƙofa, shi da yake cika baki bai taɓa ƙwarzanar bas ba. Hankalinsa ba ya gidan nan.

Da na matsa masa sai ya ce, “Orvokki, don Allah ki bar ni in kai Afrilu. In na ajiye aiki za mu yi magana.” Wace magana ce sai an yi ritaya? Ni dai na fassara abina: jira yake ya sallami kamfani, ya sallame ni. Ina jin tsoro, Yaya, ban ɓoye miki ba.

Taki,
Orvokki

Kajaani, watan Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi can wurinku a Kuusamo? Nan sauro ya hana mu sakat. Na gode da kwalbar jam ɗin shafa wa burodi, Aulis ya kusa ganin bayanta.

Na bi shi filin. Kada ki ce komai. Wanda ya tsara wurin nan bai yi tunanin mace mai bin sawun miji ba, don ko akuya ba za ta samu maɓoya ba. Na zauna a benci na rufe fuska da jarida, sai ga tsohon nan Väinö mai kare yana ƙwala mini kira daga nesa, “Orvokki! Yau kin zo duba dukiyarki ne?” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aulis bai ko waiwayo ba.

Na gan su da idona. Tana manne a gefensa na hagu daga kwando zuwa kwando. In ya yi jifa sai ta matso ta faɗa masa wani abu ƙasa-ƙasa. Har gwiwar hannunsa ta kama ta juya shi, shi kuma ya bi kamar ɗan rago. Ita ta hango ni sarai. Maimakon ta ji kunya, sai ta tsaya ta zuba mini ido, har da ɗaga mini hannu wai in zo. Kin ji ƙarfin hali!

Na yanke shawara. Na ce masa ranar Lahadi zai koya mini wasan, mu biyu kawai. Ya yi ta kame-kame, wai kafaɗata za ta yi ciwo. Na ce tawa ce.

Ki sa ni a addu'a.

Orvokki

Kajaani, watan Agusta

Yayata Tellervo,

Ina fata kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Mun je ranar Lahadi. Jifana na farko a bayana ya faɗi, Aulis ya yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sai ya yi nasa. Faifan ya tafi sambal, can ya karkata hagu yadda ya saba, ya sauka kusa da benci a kan gajeriyar ciyawa, yana ƙyalli. Muka taka. Yaya, Aulis ya wuce faifan. Takalminsa ya kusa taɓa shi, ya wuce. Ya yi gaba yana dube-dube yana cewa iskar yau ba ta da kirki, alhali ko ganye ba ya motsi.

Na tsaya cik a kan faifan. Ya dawo ya tsaya dab da ni, ina hagunsa, har ina jin ƙanshin kofi a numfashinsa. Na ɗaga hannu na kaɗa. Sai ya buɗe baki ya yi kira, “Orvokki? Ina kika shiga?”

Nan na gane: ba ya ganin abin da ke hagunsa. Gashina, kofin madara, madubin mota, duk suka dawo mini.

Washegari ni na taka har ƙofar Kaisu. Ta zuba mini kofi ta ce, “Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Amma ban yi alkawarin daina kawo miki faifai ba. Kullum jira nake ki ce, a ina kika tsinta? Ke kuwa takalmina kike kallo.” Ita ta ba shi shawarar ruwan hoda ko zai fi gani. Abin da take raɗa masa a fili kuwa, inda faifai ya faɗi ne. Ta yi ta fama ya je asibiti, ya ƙi, don ya san ranar da likita ya duba idon nan, ranar lasinsa zai tafi.

Bas ɗinsa ta gaban makaranta yake bi, Yaya, hutu kuma ya kusa ƙarewa. Kin san yadda yaran nan suke faɗowa titi a kan keke. Na ce masa, “Ko ka kira wurin aiki, ko in kira.” Ya ce, “'Yan watanni suka rage, Orvokki. Hanyar nan ko ido rufe na san ta. In kika kira, ba ni ba ke.”

Bai kira ba. Ni na kira.

Ya miƙa makullan bas, aka tura shi asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tare saura. Ya kwashe bargonsa ya koma ɗakin sauna, ɗakin wankan tururin nan na bayan gida. Ba ya cin abincina, ba ya amsa gaisuwata. Na yi ta tsoron wata za ta raba ni da shi, ga shi da hannuna na yi. Wallahi akwai lokacin da nake cewa da ma matar ce.

Ƙanwarki mai kewarki,
Orvokki

Kajaani, watan Satumba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ki gaida Paavo, ki ce na gode da ya ce in zo in huta a wurinku. Ba zan zo ba.

Har yanzu Aulis bai ce mini kanzil ba. Amma ya koma fili, shi kaɗai, a ƙafa. Ɗazu ina wanke kwanuka wayata ta yi ƙara. Wani mutum ne ban san shi ba, wai ya tsinci faifai ruwan hoda kusa da benci, da lambata a ciki. Na ce ba dai wadda aka shafe ba? Ya ce a'a, sabon rubutu ne, tawadar har ta ɓata masa yatsa.

Na zauna a ƙasan kicin na sha kukana. Yanzu zan je in karɓo. Gobe da safe kuma zan sa takalmi in bi shi, ko ya yi magana ko bai yi ba. Na san gefen da zan tsaya.

Taki har kullum,
Orvokki