Tambarina a Ƙasan Takalman Wasilatu

Anti Jumai, don Allah ki taimake ni kafin murna ta kai ni ga aikin da-na-sani. Kwana biyu ke nan ina dariya ni kaɗai, jiya a jirgin ƙasa har wata tsohuwa 'yar China ta canza kujera.

Ni Bakanuwa ce, shekarata shida ina harkar takalman mata a Guangzhou. Bara na zana wani takalmin biki da hannuna, mai duwatsu uku a baki, masana'anta ta fitar mini da samfur. Wasilatu, ƙawata 'yar Kumasi da muke cin abinci kwano ɗaya, ta are shi wai za ta je suna. Bayan wata biyu sai ga takalmina a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, ana cewa sabon yayin Wasilatu ne. Na yi kuka, na daina kula ta, ita ma ba ta neme ni ba.

To shekaranjiya laoban, wato mai masana'antar, ya kira ni a ruɗe. Ashe Wasilatu ta sake yin oda, ƙafa dubu biyu, ma'aikata kuma suka ɗauko tsohon samfurina suka kwafa har da tambarin shagona a ƙasan kowane takalmi. Ba ta sani ba. An rufe kwalaye, Alhamis za a loda kwantena. Laoban yana roƙona in yi shiru.

Shirun nake so in yi, Anti. Kaya su isa Kumasi, ta raba wa 'yan sari, sannan in saka hoton ƙasan takalmin a zauren WhatsApp ɗinmu mai mutum ɗari huɗu. Na ma rubuta saƙon, sau tara ina gyara shi.

Ramadan, Bamisiren da ofishinsa ke kusa da nawa a ginin Tianxiu, ya ba ni tatsuniyar mutanensu na dā, yadda wani mai suna Set ya kashe wansa sarki ya haye karaga, ɗan mamacin mai suna Horus ya girma ya ƙwato ta. Na ce ai ni ce Horus. Mijina kuwa ya ce muguntata ce kawai ta samu labarin da za ta fake da shi. Haƙƙina nake nema, ko ramuwa ce?

Mai Takalma, Guangzhou

Ƙanwata,

Ni ma na dara, ba zan ɓoye miki ba. An cuce ki, kuma cutar wadda kuka ci abinci tare ta fi ciwo.

Amma ina jin kin bar Ramadan bai ƙarasa ba. Tatsuniya ce, ba addininmu ba, sai dai ƙarshenta abin lura ne. Da Horus ya yi faɗa da baffansa, ido ya rasa. Karaga kuwa a gaban majalisa ya same ta, bayan shekaru ana sauraron kowa, har Set ɗin an bar shi ya kare kansa.

Ke kin ji ta bakin Wasilatu? Mutumin da ya roƙe ki shekaranjiya ki ɓoye mata kuskurensa, kin san abin da ya faɗa mata bara game da samfurinki? Wataƙila da saninta ta yi satar. Wataƙila shi ya ce kin bar masa zanen. Sannan ki tuna, idan takalman nan suka ɓare a ƙafar matan Kumasi, sunanki za su juya su karanta.

Ki kira ta yau ki gaya mata abin da ke cikin kwalayen. Ki nemi dattawan 'yan kasuwarku biyu, ɗaya na Kano, ɗaya na Gana, a zauna da laoban kafin Alhamis. Ki zo da zanenki na farko da hotuna masu kwanan wata. Buƙatarki biyu ce: a faɗa a gaban shaidu cewa zanen naki ne, kuma kaya ba za su fita da tambarinki ba sai da yardarki. Wannan haƙƙinki ne, kar ki sassauta. Tozarci a gaban jama'a kuwa ba ya cikinsa.

Idan an zauna, ki bari ta fara magana. Allah ya fitar miki da gaskiyarki, ya ƙara buɗa kasuwa.

Anti Jumai