Shanun Cakulan na Ajin Nusaiba

Karaye,
Litinin, 22 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Adawiyya, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Inna da dukan mutanen gida a Rogo. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ranar Talata, huɗu ga Yuni, saura kwana goma sha biyu babbar sallah, da ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, Allah ya karɓi ran 'yarmu Nusaiba a kan cinyarki, a cikin mota, ba mu kai rabin hanyar Kano ba. Zazzaɓi ne na kwana uku. Shekarunta shida da wata huɗu. Muka juyo, aka kai ta makwancinta kafin magariba. Yau kwana arba'in da takwas. Ke kuma tun da aka yi addu'ar bakwai Yaya Zubair ya tafi da ke gida a kan za ki yi mako biyu. Yau kwananki arba'in da ɗaya.

Kin ga na rubuta sunanta. Tana raye ban taɓa kama shi da bakina ba, sai dai in ce yarinya, ko in ce ke. 'Yar fari ce, a gidanmu na ƙauyen Turawa kuwa ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a yi masa kuka inda ido zai gani. A haka aka raine ni, kuma shekarun da na yi ina karatu a Zariya ba su kankare min shi ba. Shi ya sa na zauna a zaure ina amsa gaisuwa idona a bushe, har na tambayi Alhaji Lado jikin maraƙinsa da na duba. An kai miki labari. Kika ce wa Inna, "Ashe da dutse nake zaune ban sani ba." Maganar ta iso ni. Ban ga laifinki ba, domin abin da aka nuna miki shi kika gani.

Ga dalilin wannan takarda. Walimar ƙarshen zango ta ajinsu tana nan ranar Alhamis mai zuwa, kuma kamar yadda aka shirya tun farko, Ranar Ruga ce: yara maza da malfa da sanda, mata da ƙwarya da faifai, za a dama fura da nono a tsakar makaranta. Ke kika ɗauki alkawarin yi wa kowane yaro saniya ta cakulan. Makon jiya Malama Barira, malamar ajin, ta tare ni a bakin sakatariya, ta ce, "Likita, mun cire ku daga cikin masu kawo abu, kada ku sa wa kanku damuwa." Na ce mata a mayar da mu. Ta ce, "To wa zai yi? Maman tana Rogo." Na ce ni.

Na sauko da mazubin robar nan da kika sa aka kawo miki daga Kano, mai ramuka shida kamar tandar masa, kowane rami da siffar saniya. Dunƙulen farin cakulan da baƙin suna nan a ƙasan kabad inda kika bar su. Na bi abin da na tuna na ga kina yi. A tafasa ruwa, a rage wuta, a ɗora busasshen kwano a bakin tukunya, a yayyanka cakulan ƙanana a zuba, a yi ta juyawa da cokalin katako har ya narke.

Zubin farko na rufe kwanon da murfi don ya yi sauri. Tururi ya taru ya ɗiga ciki, nan take cakulan ya cure ya zama kamar ƙasar gini. A ranar na koyi cewa ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata kwano guda. Zubi na biyu ban rufe ba, kwanon a bushe, cokalin a bushe, na yi komai daidai, amma ya sake curewa. Wannan karon ruwan ba daga tukunya ya fito ba, daga gare ni ya ɗiga. Iyakar abin da zan iya faɗa a kan wannan ke nan, ina roƙonki ki karanta shi sau biyu.

Yanzu hannuna ya faɗa. Ina yi ne bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi. In na zuba, sai in buga mazubin a tebur sau uku iska ta fita, in sa shi a kula a kan ƙanƙara, da tsumma a tsakani don kada danshi ya taɓa shi. Minti ashirin ya isa. Idan ya wuce haka sai su yi gumi su fito da dabbare-dabbare kamar kanwa. Farare nake zubawa, irin shanun mahaifina Baffa, in ɗiga musu baƙi a kunne da tsinken sakace.

Kin tuna Asabar ɗin nan ta watan Mayu da kika yi gwajin farko? Kina tsugune a ƙofar kicin, ɗankwalinki ya zame, goshinki yana sheƙi kamar ruwan kogin Chalawa da hantsi. Wallahi ban taɓa ganin mace ta yi kyau a cikin hayaƙi kamar yadda kika yi ranar ba! Kika murɗa mazubin, saniyar farko ta faɗo a tafinki, kika miƙa wa Nusaiba. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta turo baki ta ce, "Umma, wannan ba saniya ba ce, jaki ne mai ƙaho. Ina tozonta?" Sai a lokacin muka lura shanun Turai ne aka yi mazubin da siffarsu, bayansu a shafe. Kika dube ni kina dariya har da hawaye, kika ce, "Likitan dabbobi guda yana zaune, sai 'yar shekara shida ce ta gano shanu ba tozo. A maido mana kuɗin makaranta!" Sannan kika ƙulla narkakken cakulan a leda, kika huda bakinta kamar za ki zana lalle, kika ɗora tozo a wuyan saniyar da matsa ɗaya, har da ɗan karkatar nan da yake yi idan saniya ta ƙoshi. Yarinya ta ce, "Yauwa, yanzu ta zama ta Baffa." Ta sa kika yi mata alkawari ba za a kai ko ɗaya makaranta babu tozo ba. Ina wurin, ni ne shaida.

Nan na tsaya, Adawiyya. Na gwada sau tara. Idan cakulan ya yi zafi sai ya narkar da bayan saniyar, idan ya huce sai ya ƙi kamawa, idan kuma ya kama sai ya fito kamar ƙurji. Da a kara, wurin sayar da dabbobi, aka kawo min irinsu ranar kasuwa, da na hana a sayar. Hannun da ya saba da allurar shanu bai san ledar lalle ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce tozo kaɗai nake kiranki ki yi ba. Amma wace ƙofa ce ta rage min da zan ƙwanƙwasa? Na kira wayarki, muka gaisa kamar surukai. Na zo Rogo sau biyu, na zauna da Baba a zaure, na kasa cewa a yi min sallama da ke. Ya ke raken fadama mai zaƙi tun daga gindi har kai, ya ke kurciyar da gidan nan ya saba farkawa da muryarta, yaya za a yi mutum biyu su rasa 'ya ɗaya, sannan kowa ya tafi garinsa ya yi makokinta shi kaɗai? Wa ya san yadda take tauna bakin hijabinta in ban da ni da ke? Wa zan tambaya ko daidai nake tuna muryarta?

Ba na alkawarin zama mai yawan magana, domin kin san ba zan cika ba. Abin da nake alkawari shi ne, a cikin ɗakinmu, idan kika ambace ta ba zan tashi in fita ba, kuma zan kira ta da sunanta a gabanki. Ko kin zo ranar Laraba, ko sai bayan kaka, ko kin ƙara shekara, ni naki ne, ba ni da wata, ba na neman wata, har ranar da za a kai ni inda aka kai ta.

Walima ƙarfe goma ne na safiyar Alhamis. Idan kin yarda, ki gaya wa Yaya Zubair ya kira ni, zan zo da kaina in nemi izinin Baba.

Shanu talatin da ɗaya suna cikin kula, daidai yawan yaran ajin a yau, kuma babu mai tozo ko ɗaya. Akwai sauran cakulan da zai isa ta talatin da biyu. Ban zuba ta ba.

Mijinki,
Nuruddeen