Kajina Sun Hana Takwarata Rigakafi

Anti, don Allah ki agaza mini. Bakina ya ɓata abin da karatuna ya kasa gyarawa.

Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin lafiyar dabbobi. Shekara biyu ke nan ina ɗibar jinin kaji a ƙarƙashin fiffike, kafin a yi musu rigakafi da bayan an yi, ina leƙa shi a madubin ɗakin gwaji har idona ya fara ruwa. Bincikena a kan jajayen ƙwayoyin jini ne. Mutane sun ɗauka dakon iska kawai suke yi a jiki, alhali suna taya garkuwar jiki aiki, ƙwayoyin cuta kan maƙale musu su kai su inda za a hallaka su. A kajina na ga wannan aikin ya ɗan sauya bayan allura, da aka kwana biyu ya koma yadda yake.

Ranar da sakamakon ya fito na tafi gidan Yayata da zumuɗi. Likitar Kaji suke ce mini a gida, ni kuwa ina so ko sau ɗaya a san ba sharar keji nake yi ba. Na same ta tana guga. Na zuba mata bayani, har da zane a bayan kalanda. Ta ajiye dutsen guga, ta tambaye ni ko allura tana taɓa jan jini ke nan. Na ce sosai ma. Anti, da murmushi na faɗa.

'Yarta, takwarata, watanta goma sha ɗaya, kuma tana da sikila. Ɗan Yaya na fari ma da sikilar aka haife shi, zazzaɓi ya ɗauke shi yana shekara biyu. Duk na sani, amma a ranar ban tuna ba.

Yanzu wata biyu ba a kai Takwara allura ba. Katin rigakafinta yana ƙarƙashin zannuwa a ƙasan akwati, ni na gani. Yaya ta gaya wa mijinta wai allurar ta ƙare a asibiti. Na koma na sake yi mata bayani har sau biyu, ta ce na farkon shi ne gaskiya, sauran duk lallashi ne. Ta roƙe ni kada in faɗa masa. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ban taɓa tona mata asiri ba. In na faɗa, na rasa Yaya. In na yi shiru wani abu ya sami yarinyar, ban san inda zan sa kaina ba.

Likitar Kaji

Ƙanwata,

Kin gabatar da bincikenki gaban mai sauraro ɗaya, ita kuma, saɓanin yawancin malamanki, ta saurara da gaske.

Yayarki ba jahila ba ce. Uwa ce da ta binne ɗa saboda ciwon da ke cikin jan jini, sai ga mai digirin gidan ta ce allura tana taɓa shi. Hankali ta yi amfani da shi, bayanin da aka ba ta ne guntu. Kuma tsoronta yana da ɗan tushe: wasu yara kan yi zazzaɓi bayan allura, zazzaɓi kuwa ba abin wasa ba ne ga mai sikila.

Amma sikila gado ce, allura ba ta kawo ta, ba ta kuma ƙara ta. Jinin kaza ma, kin fi ni sani, ba irin namu ba ne. Abin da ba ki zana a kalanda ba shi ne saifa. Saifar mai sikila kan raunana tun yana ƙarami, shi ya sa cutar da wani yaro zai sha ya miƙe, shi za ta iya kayar da shi cikin yini guda. Takwararki ta fi yaran maƙwabta bukatar wannan katin.

Kada ki yi bayani na huɗu. Daga bakinki, yanzu komai lallashi ne. Ki je ki ba Yaya haƙuri, ki ce burga ce ta kwashe ki kika faɗi rabin magana. Sannan ki ɗauki jakar yarinyar ki raka su wurin likitan da ke duba sikilarta. Yaya ta yi tambayarta da bakinta, har da abin da za ta yi in zazzaɓi ya zo. Ke ki zauna ki yi shiru. Zai yi miki wuya, na sani. Allurar da aka tsallake ana iya cike ta, ba sai an koma farko ba.

In ta ƙi, ki faɗa mata a gaban idonta cewa nan da mako guda za ki sanar da mijinta, kuma ki cika. 'Yarsa ce. Wannan asirin ba na Yaya kaɗai ba ne, akwai mai wata goma sha ɗaya a cikinsa da ba a nemi shawararta ba. Yaya za ta yi fushi, wataƙila har ta daina ɗaga wayarki. Fushin da ake yi yarinya tana rarrafe a tsakar ɗaki mai warkewa ne.

Allah ya ba Takwara lafiya, ya sanyaya zuciyar uwarta. Ke kuma ya ba ki sa'ar digiri, da sanin inda ake ajiye shi kafin a shiga falo.

Antinku